Abyane: Yawan Jama'a da Tsarin Mulkin Wani Ƙaramin Ƙauye a Ƙasar Iran

A ƙidayar jama'a da aka yi a ƙasar Iran cikin shekarar 2006, an rubuta cewa ƙauyen Abyane yana da mutum 305 a cikin iyalai 160. Bayan shekara goma, wato a 2016, aka sake ƙirga su, aka sami mutum 301 a cikin iyalai 147. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma a gurguje zai ce ƙauyen yana nan yadda yake, tun da mutum 4 kaɗai suka ragu. Amma ɗalibin da ya ɗauki alƙalami ya raba yawan mutanen da yawan iyalan zai tarar matsakaicin iyali kimanin mutum biyu ne. A ƙasar baki ɗaya kuwa, matsakaicin iyali mutum 4 ne a 2006, ya sauko zuwa 3.3 a 2016. Iyali mai mutum biyu a ƙauyen manoma, a mafi yawan lokaci, tsoho ne da matarsa waɗanda 'ya'yansu suka tafi birni. Wannan darasi zai bi diddigin waɗannan alƙaluma, don a ga yadda ake samo su, da kuma yadda mulkin ƙauye ya rataya a kansu.

Inda ƙauyen yake

Abyane yana cikin lardin Isfahan, a tsakiyar Iran, a wani kwari da ke gefen duwatsun Karkas, tsakanin garuruwan Kashan da Natanz. Tsayin wurin daga doron teku ya kai kimanin mita 2,200, saboda haka ana tsananin sanyi da ƙanƙara a lokacin hunturu. An gina gidajen da jar ƙasa, hawa-hawa a jikin dutse, har rufin wani gida yakan yi daidai da ƙofar na samansa. Ƙauye ne mai daɗaɗɗen tarihi. Akwai kufan ɗakin bautar wuta na mabiya Zaradust, akwai kuma masallacin Juma'a mai mihirabin katako da aka sassaƙa a ƙarni na 11 na Miladiyya. Mutanen wurin suna jin Farisanci, wanda shi ne harshen makaranta da ofis da kasuwa, amma tsofaffi suna da nasu karin harshe, ɗan'uwan Farisanci, da suke yi a tsakaninsu. Abin noma shi ne 'ya'yan itatuwa irin su tufa da gyaɗar bishiya, a gonakin da ke bakin rafi.

Matakan mulki

Iran ba tarayya ba ce irin Nijeriya. Gwamnati ɗaya ce a Tehran, kuma daga can ake naɗo masu riƙon yankuna. An kasa ƙasar zuwa larduna 31, kowanne ana kiransa ostan, mai riƙe da shi kuma ostandar. Kowane lardi an raba shi zuwa yankuna da ake kira shahrestan, wanda a girma ya yi kusa da abin da ake kira ƙaramar hukuma, shugabansa shi ne farmandar. Ƙarƙashin wannan sai bakhsh, wato gunduma, mai riƙe da ita bakhshdar. Ƙarƙashin gunduma sai dehestan, wato gungun ƙauyuka maƙwabtan juna, da dehdar a kansu. Can ƙasan tsanin sai ƙauye shi kansa, deh ko rusta. In aka bi wannan tsani daga sama, adireshin Abyane shi ne: lardin Isfahan, yankin Natanz, gundumar tsakiya, gungun ƙauyukan Barzrud. An kafa tushen wannan tsari ne da wata doka ta shekarar 1937, zamanin Riza Shah, lokacin da lardunan ba su wuce 10 ba.

Duk waɗannan shugabanni, daga ostandar har zuwa dehdar, ma'aikatan gwamnati ne a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Ba zaɓensu ake yi ba. Sai an iso cikin ƙauyen ne ake haɗuwa da mutanen da ƙuri'a ta ɗora.

To, amma mene ne ƙauye a idon doka? Dokar rabon yankunan ƙasa ta shekarar 1983 ta ajiye iyaka: sai wuri ya tara aƙalla iyalai 20 ko mutum 100 sannan zai amsa sunan ƙauye. Abin da ya gaza haka, matsuguni ne kawai da ake jingina shi ga wani ƙauye na kusa. Ashe ke nan ƙidaya ba ta tsaya ga cika takarda ba, ita ce ke yanke hukuncin ko wuri zai sami majalisa da ofis nasa na kansa.

Yadda ake ƙirga mutane

An yi ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya a Iran a shekarar 1956. Daga nan aka riƙa yi duk bayan shekara goma, a 1966 da 1976 da 1986 da 1996 da 2006, sannan aka rage tazarar zuwa shekara biyar, aka yi a 2011 da 2016. Cibiyar Ƙididdiga ta Iran, wadda aka kafa a 1965, ita ke gudanar da aikin. Wanda ya buɗe littattafan cibiyar zai ga an rubuta 1385 a maimakon 2006, da 1395 a maimakon 2016, domin Iraniyawa suna lissafi da shekarar Hijira ta rana, wadda ke kamawa a watan Maris.

Ma'auni biyu ne ya kamata ɗalibi ya riƙe. Na farko, abin da ake nufi da iyali, wanda a Farisanci ake kira khanevar. Ana nufin mutanen da ke zaune a muhalli ɗaya, suna cefane tare, suna ci daga tukunya ɗaya. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai iyali guda ce a wannan lissafi. Na biyu, ana rubuta mutum ne a wurin da ya saba zama, ko da kuwa an haife shi a wani wurin daban, ko yana da gida a can. Saboda haka ɗan Abyane da ke aiki a Tehran, wanda yake da gidan gado a ƙauyen kuma yake zuwa duk bazara, a cikin mutanen Tehran za a sa shi. Ana kuma yin ƙidayar ne da kaka, lokacin da masu hutu suka riga suka koma birni.

Abin da ya sami Abyane wani yanki ne na abin da ya sami ƙasar duka. A 1956 mutanen Iran miliyan 18.9 ne, kuma kashi 31 cikin ɗari kacal ke zaune a birane. A 1976 mazauna birni sun kai kashi 47, a 1986 suka zarce rabi, suka kai kashi 54. Zuwa 2016 jama'ar ƙasar ta kai miliyan 79.9, kashi 74 a birane, aka bar kimanin mutum miliyan 20.7 a karkara. Ƙidayar 2016 ta sami matsugunai fiye da 60,000 masu mutane, da wasu fiye da 30,000 da ba kowa a cikinsu. Sai dai a yi hattara da wannan adadi na biyu, domin ba dukkansu ba ne ƙauyukan da aka watse aka bari, da yawa gonaki ne da wuraren aiki waɗanda dama ba a taɓa zama a cikinsu sosai ba.

Akwai wani tarko kuma. Ba duk raguwar mutanen karkara ba ce ƙaura ta haifar. Tun daga ƙidayar 1986, duk wurin da aka ba shi hukumar gari, wato shahrdari, ana lissafa shi a cikin birane. Don haka babban ƙauye kan kwana yana ƙauye ya wayi gari ya zama birni, mutanensa dubu-dubai su fita daga lissafin karkara ba tare da ɗayansu ya ɗaure kaya ba. Manyan ƙauyuka suna fita daga lissafi ta wannan ƙofa, ƙanana irin Abyane kuwa suna tsiyaya ta hanyar ƙaura. Daɗin daɗawa haihuwa ta ragu ƙwarai. A tsakiyar shekarun 1980 macen Iran takan haifi 'ya'ya fiye da 6 a matsakaici, amma zuwa shekarar 2000 adadin ya faɗo zuwa kimanin 2, kuma ƙauyuka ba su tsira daga wannan faɗuwa ba. Ƙauyen da samarinsa suka tafi, waɗanda suka rage kuma ba sa haihuwa da yawa, ba shi da inda zai samo masu maye gurbi.

Zamanin kadkhoda

Kafin shekarun 1960, mutumin da ke riƙe da ƙauyen Iran shi ne kadkhoda, wanda matsayinsa ya yi kama da na dagaci. Shi ke sasanta rigima, shi ke karɓar baƙon gwamnati, shi ke tara abin da ake bin ƙauye, shi ke nuna samarin da suka isa shiga soja. Amma a yawancin ƙauyukan fili, ƙasar noma ba ta manoma ba ce. Wani attajiri da ke zaune a birni kan mallaki ƙauye sukutum, ko ma ƙauyuka da dama, kuma dokar 1935 ta mai da kadkhoda wakilin mai ƙasa, wanda ake naɗawa bisa shawararsa. A bisa al'ada ana kasa amfanin gona ne a kan abubuwa biyar: ƙasa, da ruwa, da iri, da shanun huɗa, da ƙarfin mutum. Manomin da bai kawo komai ba sai ƙarfinsa, abin da zai tashi da shi kaɗan ne. A ƙauyukan kan dutse, inda gonaki suke ƙanana, an fi samun manoma masu nasu na kansu. Baturiya Ann Lambton ta yi cikakken bayanin wannan tsari a littafinta na shekarar 1953 a kan masu ƙasa da manoma a Farisa.

Akwai wani ma'aikaci da a wasu wurare ya fi kadkhoda muhimmanci, shi ne mirab, mai rabon ruwa. Tsakiyar Iran busasshiyar ƙasa ce, kuma ƙauyuka da yawa sun dogara ne ga kanat. Kanat wata hanyar ruwa ce ta ƙarƙashin ƙasa. Ana haƙa babbar rijiya a gindin dutse har a cim ma ruwa, sannan a haƙa rami mai ɗan gangare daga gindinta zuwa fili, da jerin rijiyoyi a bisansa don fitar da ƙasa da shigar iska. Ruwa yana gangarowa da kansa dare da rana, ba inji ba guga. Tun da ba a iya tsai da shi, sai aka raba shi da lokaci. Kowane manomi yana da rabonsa a cikin zagayen kwanaki, alal misali kwana 12, in zagayen ya cika a sake komawa farko.

Yadda ake auna lokacin abin sha'awa ne ga ɗalibin kimiyya. Mirab yakan ɗora ƙaramar tasar tagulla mai ɗan huji a gindi a kan ruwan da ke cikin wata babbar tasa. Ruwa yana shiga ta hujin a hankali har ƙaramar ta cika ta nutse. Nutsewa ɗaya ita ce ma'auni ɗaya. Sai ya ɗauko ta ya zubar, ya sake ɗorawa, yana ajiye tsakuwa ɗaya a gefe don kada lissafi ya ɓace. In rabon mutum tasa goma ne, tsakuwa ta goma na sauka za a toshe hanyar gonarsa a buɗe ta maƙwabcinsa. Irin wannan tsari yana buƙatar hannuwa da yawa, domin kanat yana son yasa a kai a kai. Inda majiya ƙarfi suka ƙaura, rami kan rufta, ruwa ya ragu, sauran mutanen su ma su sami dalilin tashi.

A shekarar 1962 aka fara rabon ƙasar noma, wanda a 1963 ya zama ginshiƙin shirin da Muhammad Riza Shah ya kira Farin Juyin Juya Hali. An karɓi ƙauyuka daga manyan masu ƙasa aka sayar wa manoman da suke da haƙƙin noma a kansu. Sai dai akwai wani rukuni da ake kira khoshneshin, mazauna ƙauye marasa wannan haƙƙi, kamar 'yan ƙodago da masu sana'ar hannu. Waɗannan ba su sami komai ba, kuma su ne suka cika motocin zuwa birni. Da mai ƙasa ya kau, ƙarfin kadkhoda ya ragu, kuma daga baya muƙamin ya fita daga tsarin hukuma. Ƙauye ya daɗe ba shi da mutum ɗaya da za a nuna a ce shi ke riƙe da shi. A wannan tsakani hukumar Jihadin Gina Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ta ɗauki nauyin kai hanyoyi da lantarki da ruwan famfo, aka kuma baza ƙananan ɗakunan shan magani da ake kira gidan lafiya, inda wani ɗan ƙauyen da aka horar, behvarz, yake yin allurar rigakafi da duba masu ciki.

Majalisa da dehyar

Sashe na 100 na tsarin mulkin 1979 ya tanadi majalisu na zaɓe tun daga ƙauye har lardi, amma sai da aka yi shekara 20 kafin a aiwatar da shi a ƙasa baki ɗaya. An yi zaɓen farko a watan Fabrairu na 1999, zamanin Shugaba Muhammad Khatami, aka sake yi a 2003 da 2006 da 2013 da 2017 da 2021. Yawan wakilai ya dogara ne ga yawan jama'a. Ƙauyen da bai wuce mutum 1,500 ba yana da wakilai 3, wanda ya zarce haka yana da 5. Bisa wannan, rabon Abyane wakilai 3 ne. Wa'adinsu a doka shekara 4 ne. Daga cikin wakilan ƙauyuka ake zaɓen majalisar gunduma, daga nan a hau zuwa ta yanki, da ta lardi, har zuwa Majalisar Ƙoli ta Larduna.

Majalisa tana shawara da sa ido ne, ba ta kwashe shara ko gyaran hanya. Don cike wannan giɓi aka yi dokar 1998 da ta ba da damar kafa ofishin ƙauye, dehyari, wanda ya fara aiki sosai daga 2003. Majalisa ce ke zaɓen shugabansa, dehyar, kuma tana iya sauke shi. Ayyukansa sun haɗa da tsabtar ƙauye, da gyaran lunguna, da kula da maƙabarta, da ba da izinin gini, da taimaka wa ma'aikatan gwamnati in sun zo aiki, har da masu ƙidaya. Zuwa shekarar 2020 an kafa irin waɗannan ofisoshi fiye da 30,000. Bambancinsa da kadkhoda a fili yake. Kadkhoda yana kallon fuskar mai ƙasa ne, kuma sau da yawa gado ake yi, shi kuwa dehyar mutum uku ko biyar na ƙauyensa ne suka ɗora shi, yana kuma kai takardunsa ofishin bakhshdar.

Dokar ta kira waɗannan ofisoshi masu dogaro da kai, amma a nan gizo ke saƙar. Kuɗin dehyari yana fitowa ne daga 'yan kuɗaɗen da ake karɓa a ƙauye, kamar na izinin gini, da kuma kason da gwamnati ke aikowa daga harajin kayan masarufi. Yawan jama'a yana cikin abubuwan da ake dubawa wajen rabon wannan kaso. Ƙauyen tsofaffi 300 ba ya yawan gine-gine, kuma ba shi da nauyi a sikelin rabo.

Mutanen da ƙidaya ba ta gani

Matsalar Abyane ita ce masu amfani da ƙauyen sun ninka masu kwana a cikinsa. An sa shi cikin jerin kayan tarihin ƙasa a 1975, kuma ya zama ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka fi ziyarta a Iran. A hutun Nauruz, wato sabuwar shekarar Farisawa, da ranakun Juma'a, lungunan kan cika da baƙi masu ɗaukar hoton jajayen gidaje da na tsofaffin mata masu fararen mayafai masu zanen furanni. A watan Muharram kuma 'yan asalin ƙauyen kan dawo daga Tehran da Kashan da sauran garuruwa don tarukan Ashura, a buɗe gidajen da suka shekara a kulle. Duk waɗannan suna shan ruwa, suna zubar da shara, motocinsu suna bin hanya. Ginin ƙasa kuma, kamar yadda duk wanda ya san shi ya sani, in ba a yi masa yaɓe ba ruwa da ƙanƙara za su ci shi, kuma gidan da magadansa suke warwatse a birane yana da wuyar samun mai gyara.

Ke nan ofishin da aka auna girmansa da mutum 301 yana ɗauke da hidimar dubban mutane a wasu ranaku na shekara. Ƙa'idar rubuta mutum a inda ya saba zama tana da hujja mai ƙarfi, domin in ba don ita ba za a ƙirga mutum ɗaya sau biyu, a birni da ƙauye. Amma wanda zai raba kuɗi da wannan adadi shi kaɗai zai ƙware ƙauyen da ke cika ya kuma zube bisa ga lokacin shekara. Akwai kuma tambayar wa zai riƙe muƙaman. Doka tana son ɗan takarar majalisar ƙauye ya iya karatu da rubutu, ya kuma kasance mazaunin wurin, alhali yawancin masu ilimi da ƙarfi daga cikin 'ya'yan ƙauyen suna zaune ne a wani wuri.

Ta fuskar doka, Abyane yana da sauran tazara, domin iyalai 147 sun fi 20 nesa ba kusa ba. Amma iyalai 13 sun ɓace a cikin shekara goma, kuma a ƙauyen da mafi yawan iyalai tsofaffi ne, kowace rasuwa tana iya zama rufe ƙofar gida ɗaya. Dubban matsugunai a Iran sun riga sun faɗo ƙasa da iyalai 20, ba su da majalisa, ba su da dehyar, sai dai wani ƙauye ya yi magana a madadinsu.

Aikin aji

Malami zai iya sa ɗalibai su raba 305 da 160, su kuma raba 301 da 147, sannan su bayyana yadda aka yi matsakaicin iyali ya ɗan ƙaru alhali yawan mutane da yawan iyalai duk sun ragu. Bayan haka su ɗauki wani ƙauye da suka sani, inda samari ke tafiya ci-rani, su tattauna adadin da za a samu in an ƙirga mutanensa da damina, da wanda za a samu in an ƙirga da rani, da kuma wanne daga ciki ya kamata a yi amfani da shi wajen gina rijiya ko makaranta.